Littafin Haɗa Bakan Gasa a Bauchi

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta duk abin da na saya, da dalilin da ya sa na zaɓe shi, da abin da ya biyo baya, saboda kuɗin da zan zuba a wannan aiki ba na wasa ba ne a wurin ma'aikaci irina.

Asalin burina bindigar gasa ce. Tun da na kalli gasar Olamfik ta Faris a watan Yuli, inda masu harbi da bindigar iska suke tsayawa a nisan mita 10 suna neman ɗigon tsakiya wanda faɗinsa rabin milimita ne kacal, zuciyata ta kamu da wannan fanni. Sai dai da na bincika na tarar dokar makamai ta ƙasar nan, wadda aka kafa tun 1959, ta sa ko bindigar iska a cikin abubuwan da ba a mallaka sai da lasisin 'yan sanda, kuma ba ni da niyyar bi ta bayan gida a kan abin da ya shafi makami. Don haka na juya ga baka. A wannan gasa ta Faris ne matan Koriya ta Kudu suka ci zinaren ƙungiya karo na goma a jere tun daga 1988, kuma ɗaya daga cikinsu, Lim Si-hyeon, ta samu maki 694 cikin 720 da kibau 72 a nisan mita 70. Zoben tsakiyar da take nema faɗinsa santimita 12.2 ne, wato bai kai murfin ƙaramin kwano ba.

Da na kai wa Baffa wannan labari, shi da ya yi shekaru yana farauta a dazukan hanyar Ningi kafin ƙafa ta hana shi, sai ya ce, "Ɗana, baka ai gadonmu ne, amma ka sani kowane baka da mai shi. Wanda ya fi ƙarfin kafaɗarka ba naka ba ne." Na rubuta maganar a nan kamar yadda ya faɗe ta.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yau ranar awo ce. Bakan gasa ba abu guda ba ne da ake saya a kanti a fito da shi. Akwai mariƙi, wato gangar tsakiya da ake yi da alminiyam, akwai fukafukai biyu da ake sakawa sama da ƙasa, sannan tsirkiya, da abin saiti, da sandar daidaito, da mazaunin kibiya, da maɓallin gefe wanda kibiya take jingina da shi, kuma kowannensu ana zaɓarsa ne gwargwadon jikin maharbi.

Na tsaya jikin bango na buɗe hannuwa, matata ta auna daga yatsa zuwa yatsa da tef ɗin ɗinkinta, aka samu inci 70. Idan aka raba da biyu da rabi ana samun inci 28, shi ne ƙiyasin tsawon jan da zan yi. Mai irin wannan tsawon ja bakan inci 68 ne ya dace da shi, kuma ana samunsa ne idan aka haɗa mariƙi mai inci 25 da matsakaitan fukafukai. Gajeru a kan mariƙin nan suna ba da 66, dogaye suna ba da 70. Na kuma gwada ido ta hanyar leƙa makunnin fitila ta tsakanin tafukan hannu, na tabbatar idona na dama ne mai rinjaye, don haka zan riƙe baka da hagu in ja da dama.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ta hannun wani abokin aiki na samu lambar wani bawan Allah a Abuja wanda ya daɗe yana harbin gasa kuma yana koyar da yara. Mun yi fiye da awa ɗaya a waya, kuma daga yau zan riƙa kiransa Malam a wannan littafi.

A kan mariƙi ba mu yi jayayya ba. Ya ce in tabbatar mai tsarin ILF ne, wato irin mahaɗin da kamfanin Hoyt na Amurka ya fara fitowa da shi har sauran kamfanoni suka bi, domin da shi mutum zai iya sa fukafukan Win&Win ko na Samick ko na wani kamfani dabam a kan mariƙi guda. Hikimar ita ce mariƙi yana zama da kai shekaru, fukafukai kuwa canza su ake yi yayin da ƙarfi yake ƙaruwa. Saboda haka ya ce in sa kuɗina a mariƙi da abin saiti, in sayi fukafukai masu araha na katako da gilashin fayiba.

A kan nauyin ja ne muka rabu. Shi ya ce fam 22 ko 24, fam kuwa shi ne ma'aunin nauyin da ake auna ƙarfin jan baka da shi. Ni kuwa na karanta cewa mazan da suke zuwa Olamfik suna jan sama da fam 40, kuma ina ganin tun da ina ɗaga ƙarfe sau biyu a mako, sayen fam 24 asarar kuɗi ce, domin wata biyu zan wuce shi. Ya ce, "Alhaji, naman da yake ɗaga ƙarfe dabam, wanda yake riƙe tsirkiya a haɓa dabam. Ba ja sau ɗaya ake magana ba, ja sau saba'in da biyu ne, na ƙarshe ya zama daidai da na farko." Na ji shi, na yi masa godiya, amma a takardar da zan aika na rubuta fam 36.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na tura wa ƙanena da yake karatu a Istambul kuɗi, zai taho da kayan idan ya zo hutun Disamba. Ya ce shagunan kayan baka ba su da wuyar samu a can, musamman tun da Mete Gazoz ya ci wa Turkiyya zinare a gasar Tokiyo a 2021. Da dala ta haura naira 1,600, lissafin ya kama haka: mariƙi 215,000, fukafukai 150,000, abin saiti 95,000, maɓalli da mazaunin kibiya da kilika (ɗan ƙarfen da yake ƙara idan ja ya kai tsawonsa) 60,000, tsirkiya biyu 24,000, kibau dozin ɗaya masu lambar tauri 600 a kan 110,000, doguwar sandar daidaito 70,000, igiyar ɗaura tsirkiya da ma'aunin kusurwa 16,000. Jimla naira 740,000. Gajerun sandunan gefe na bar su sai gaba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An gama yankan dawa a gonar Baffa da ke hanyar Dass, ya ba ni gefen yamma. Na auna da igiya na kafa turaku a mita 18, 30, 50 da 70. Bayan inda allon zai tsaya akwai fili mai tsawo sannan tudu, babu gida babu hanya, kuma na je na gaida mai unguwa na yi masa bayanin abin da zan riƙa yi da ranakun da zan riƙa zuwa.

Allon tare kibiya ya ci mini kwana uku. Da farko na cika buhunan shinkafa biyu da tsummoki, sai na ga ba za su kai faɗin takardar mita 70 ba, wadda santimita 122 ce. Sai na sayi ragowar soso mai tauri a wurin masu katifa a kasuwar Muda Lawal, aka yanka shi falle-falle, kafinta ya yi firam na katako da dogayen kusoshi masu noti a gefe biyu, muka jera soson a kwance muka matse shi har yatsa ba ya shiga. Amfanin wannan tsari shi ne kibiya tana shiga tsakanin falle da falle ba ta yaga su, kuma idan tsakiya ta gaji sai a kwance a sauya musu wuri. Soso 18,000, katako da aikin kafinta 22,000, buga takardun saiti a wurin masu fosta 6,000.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Na kai wa wani baduku a Wunti hoton fatar yatsu da ta kare dantse. Ya yi su da fatar akuya mai laushi ninki biyu, da ɗan tsagi inda gindin kibiya zai zauna. Naira 7,000, kuma aikin ya yi kyau.

Asabar, 14 ga Disamba

Kaya sun iso jiya da dare. Kwalin kibau ya lotse a gefe ɗaya a hanyar mota daga Kano, na mirgina su ɗaya bayan ɗaya a kan gilashin tebur, na lanƙwasa kowace a kusa da kunne ina sauraron ƙara, domin kibiyar kabon da ta tsage tana iya fashewa a hannun mai harbi. Goma sha ɗaya lafiya, ɗaya ta yi ƙas, na karya ta na jefar.

Haɗawa ta ɗauke ni tun hantsi har azahar. Na sa fukafukai har suka yi ƙyas a mazauninsu, na ɗaura tsirkiya da igiyar ɗauri ina take ta da ƙafa, ban yarda na murɗa bakan a tsakanin cinyoyi ba saboda hakan yana karkatar da fiffike. Tazarar tsirkiya daga maƙogwaron mariƙi ta fito inci 8, ƙasa da abin da ake so ga bakan 68, sai na sauke ta na yi mata murɗi goma sha biyu har ta kai 8 da kashi uku cikin huɗu. Na daidaita kusoshin fukafukai yadda tazarar tsirkiya daga fiffiken sama ta fi ta ƙasa da milimita 4, na ɗaure alamar ɗana kibiya da zare kaɗan sama da layin mazauni. Kilika na bar ta a cikin leda, domin Malam ya ce kada in taɓa ta sai jana ya zauna wuri ɗaya.

Baffa ya karɓi bakan ya juya shi, ya shafa gashin roba da ke gindin kibiya, ya ce nasu na kyauro ba su san gashi ba, nauyin ƙarfen baki ne yake kai su. Ya ja tsirkiyar rabi ya mayar a hankali, ya dube ni ya ce, "Wannan ya yi maka tauri." Na ce zan saba.

Lahadi, 15 ga Disamba

Kibau 30 a mita 18. Ashirin da biyu sun shiga takarda. Tsirkiya ta doki dantse sau uku a sama da fatar.

Asabar, 28 ga Disamba

Ban rubuta komai ba kwana goma sha uku saboda ban so in rubuta abin da ya faru, amma littafin ba shi da amfani idan na ɓoye shi.

Na fita sau biyar a cikin kwana tara. Kowace rana kibau goma na farko suna tafiya daidai gwargwado, daga nan sai hannun hagu ya fara rawa, kafaɗa ta ɗago zuwa kunne, in kasa kai tsirkiya ƙarƙashin haɓa, in sake ta tun kafin ɗigon saiti ya zauna a kan rawayar tsakiyar takarda. Na ɗauki bidiyo na tura wa Malam, ya ce in ƙirga daƙiƙu nawa nake riƙewa bayan na gama ja. Ban kai ɗaya ba. Ya ce mai iko da bakansa yana iya riƙewa daƙiƙa goma ya mayar a hankali ba tare da ya harba ba, ya kuma maimaita. Na gwada, a daƙiƙa ta shida hannuna ya ƙwace.

Ranar Talata da ta wuce, a kibiya ta arba'in da wani abu, na ji wani abu ya soke ni a gaban kafaɗar dama kamar an caka allura. Da dare na kasa kwanciya a wannan gefe, da asuba ɗaga hannu don kabbara ya zama aiki. Likitan ƙashi ya duba ya ce jijiyar da ke kewaye da gaɓar ce ta kumbura, ba ta tsinke ba, ya hana ni ja na mako uku, ya ba ni magani da motsa jiki da robar ja. Naira 15,000.

Abin da ya fi ciwon damuna shi ne na fahimci kuskuren bai tsaya a fukafukai ba. Kibau goma sha ɗayan nan an zaɓe su ne don fam 36, saboda haka idan na sauka, su ma sun tashi daga aiki. Na kira Malam na ce masa ya yi gaskiya. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya wuce ba, ya ce wani ɗalibinsa ya wuce fam 24 yana neman mai saye.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Fukafukan fam 24 sun iso ta tashar mota, 85,000 da kuɗin saƙo 5,000. Na duba gefunansu da kunnuwan da tsirkiya take zama, babu tsagewa babu ɓamɓarewa. Sun shiga mariƙina ba gardama ko da yake kamfaninsu dabam ne, a nan na ga amfanin ILF da idona. Ban harba ba. Robar ja kawai, safe da yamma.

Asabar, 18 ga Janairu

Na koma fili. Bambancin ya wuce yadda na zata: na ja har tsirkiya ta taɓa tsakiyar haɓa da kan hanci, na ji aikin ya koma tsakanin allunan baya, na riƙe ina numfashi, na ga ɗigon saiti yana yawo a hankali a cikin rawaya. Wannan ne karo na farko da na san abin da ake nufi da saiti.

Sai dai kibau suna fita da wutsiya a karkace kuma suna taruwa a hagu. Dalilin yana cikin yadda kibiya take barin baka. Lokacin da yatsu suka saki tsirkiya, kibiya tana lanƙwashewa ta kewaye mariƙi tana kaɗawa kamar kifi a ruwa, kuma dole taurinta ya dace da ƙarfin da ya tura ta. Lambar da ake rubutawa a jikinta awon wannan tauri ne: ana ɗora ta a kan matokarai biyu masu tazarar inci 28, a rataya nauyin giram 880 a tsakiya, a auna yadda ta lanƙwasa. Ƙaramar lamba tauri, babbar lamba laushi. Na cire gashin kibau biyu na harba su tare da masu gashi uku a mita 18, marasa gashin suka faɗa kusan taku ɗaya hagu da sauran, wanda ga mai ja da dama alama ce ta cewa kibiya ta yi tauri. Na sassauta sifirin ɗin maɓalli har ƙarshe, tazarar ta ragu kaɗan kawai. Maɓalli yana gyara ƙaramin saɓani ne, ba ya mayar da 600 ta zama 900.

Na yi odar kibau takwas masu lamba 900 daga wani mai sayarwa a Legas, naira 72,000, na ce kada a yanke su, a bar su da tsawonsu.

Asabar, 25 ga Janairu

Kibau 48 a mita 18 da tsofaffin kibau, don gyaran tsayuwa kawai. Kafaɗa lafiya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Sababbin kibau sun zo. Gwajin marasa gashi ya nuna sun faɗa cikin taron sauran ta gefe, amma ƙasa da su da kamar faɗin tafin hannu, alamar cewa zaren ɗana kibiya ya yi sama. Na sauke shi da milimita biyu, suka haɗu. Na ƙirga maki karo na farko a takardar santimita 40: 212 cikin 300.

Hunturu ya taɓa tsirkiya. Bushewar iska da ƙura sun sa ta yi gashi-gashi, na goga mata kakin zuma na murza da 'yar fata har ya narke ya shiga. Na kuma lura tazararta ta sauka da kusan kwatan inci tun Disamba, na ƙara murɗi huɗu. Daga yanzu zan auna ta kafin kowace fita.

Wani abu ya faru da ya tsayar mini da zuciya. Ina tsakiyar ja sai na hango kan saniya ya ɓullo daga bayan tudu, a bayanta wani yaro makiyayi da sandarsa, sun biyo karan dawa. Na mayar da tsirkiya a hankali na cire kibiya. Da fukafukan farko ne a hannuna, ban tabbata zan iya mayarwa ba. Na je na samu mahaifinsa a rugarsu muka yi magana, muka amince zan riƙa kafa jan ƙyalle a kan tudu duk ranar da nake harbi, kuma ɗan Baffa zai riƙa tsayawa a gefe yana duba mini bayan allo. Ba zan sake harbi ni kaɗai a filin ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na sa sandar daidaito. Bakan ya daina tsalle a hannu, yana faɗawa gaba bayan saki. Mita 30, takardar santimita 80, kibau 36: maki 241 cikin 360. Iska ta taso bayan ƙarfe goma, na tattara.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na gwada mita 50 da 70 don in san iyakar kayan. A 50 kibau biyar cikin shida sun shiga takarda. A 70 na sauke abin saiti har ƙasan sandarsa, duk da haka kibau suna faɗuwa a ƙasa taku uku kafin allo, kuma da na ƙara saukewa sai gashin kibiya ya fara shafar ɗigon. Na jawo sandar saitin kusa da mariƙi kamar yadda Malam ya nuna mini, biyu suka kama ƙasan allo, ɗaya ta bi ta ƙarƙashi ta daki dutse ta tsage. Saura bakwai. Fam 24 ba zai kai ni mita 70 da saiti mai kyau ba, kuma ban yi baƙin ciki da haka ba, domin taron kibauna a mita 30 bai kai yadda zan nemi nesa ba tukuna.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Lissafi zuwa yau naira 970,000, a ciki har da 260,000 na fukafukan fam 36 da kibau masu lamba 600 da suke ajiye a saman kabad. Ƙanena ya ce, "Yaya, ka sayar mana ka rage asara." Na yi tunani na ga in bar su, domin idan Allah ya kai ni can zan same su, na naɗe su a zane na ajiye a ɗakin da rana ba ta bugu. Zafin Maris yana tafe, kuma manne da ke riƙe da fallayen fiffike ba ya jure zafin but ɗin mota, saboda haka bakan ba zai ƙara kwana ko yini a mota ba.

Azumi saura kwanaki. A cikinsa zan tsaya a mita 18 a bayan gida, kibau 30 bayan la'asar sau uku a mako, da robar ja bayan tarawihi. Zan ɗaure kusoshin fukafukai rabin juyi kowane mako biyu, wanda zai ƙara mini kusan fam biyu kafin su ƙure. Malam ya gindaya sharuɗɗa biyu kafin in sayi na fam 28 ko 30: in kai maki 280 a mita 30 sau uku a jere, kuma in iya riƙe cikakken ja daƙiƙa goma sau shida ba tare da kafaɗa ta ɗago ba. Jiya na kai sau huɗu. Bayan Sallah zan tura masa sabon bidiyo ya duba ko tsawon jana ya zauna, idan ya zauna a yanke kibau bakwai ɗin a sa kilika.